Sin: Shin sabon iri zai ceci masu kiwon kokwambar teku?

Duk da sunanta, kokwambar teku ba tsiro ba ce. Wata dabba ce marar ƙashin baya da ke rarrafe a ƙarƙashin ruwa tana cin laka, kuma a ƙasar Sin busasshiyarta na cikin abinci mafi tsada, inda ake yi mata kallon magani mai ƙara ƙarfin jiki.

Bayan da kamun wuce kima ya rage yawanta a teku, sai jama'ar lardunan Liaoning da Shandong suka rungumi kiwonta a tafkuna. To amma akwai abin da ya daɗe yana ci wa makiyayan tuwo a ƙwarya: 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe rana guda, aka ba su abinci iri ɗaya, sai a tarar wasu sun ninka wasu girma sau da dama. Ga wanda zai jira shekara biyu zuwa uku kafin ya kai kayansa kasuwa, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

A shekarar 2017, masana a Cibiyar Nazarin Teku da ke birnin Qingdao suka wallafa cikakkiyar taswirar ƙwayoyin gadon dabbar. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa babu wata ƙwayar gado guda da ke riƙe da linzamin girma. Ƙwayoyi ne masu yawa, kowace da ɗan abin da take ƙarawa. Ke nan babu gajeriyar hanya, sai dai a riƙa zaɓen iyaye zuriya bayan zuriya. Amfanin taswirar shi ne, ana iya hasashen wadda za ta yi saurin girma tun tana ƙarama.

Tun kafin wannan, a 2009, hukumomi sun amince da irin Shuiyuan na 1, wanda aka samu ta hanyar haɗa na gida da na gabashin Rasha.

Sai dai saurin girma kaɗai ba ya biyan buƙata. Da zarar ruwa ya ɗumama, ya haura digiri 20 zuwa 25, dabbar kan daina cin abinci ta shiga dogon barci, hanjinta ya tsuke, ta zubar da kusan sulusin nauyinta ko ma fiye. Idan kuma zafin ya tsananta, sai mutuwa. Haka aka gani a lokacin zafin 2018, lokacin da aka ba da rahoton mutuwar kimanin tan 68,000 a tafkunan Liaoning, asarar da aka ƙiyasta ta kusa kai yuan biliyan 7.

Wannan ne ya sa hankali ya fi karkata ga iri irin su Dongke na 1, da aka zaɓa domin haɗa girma da jure zafi.

Akwai kuma wani haɗarin da ba a cika maganarsa ba. Mace guda na iya zuba ƙwai sama da miliyan, don haka iyaye 'yan ƙalilan sun isa su cika tafkuna masu yawa. Idan kowane makiyayi ya koma ga iri ɗaya, dabbobin za su zama 'yan uwan juna na kusa, cuta guda kuma na iya share su baki ɗaya. Tuni dai cutar ruɓewar fata ta sha yi wa masu kiwon ɓarna, kuma na daji da za a iya komawa gare su domin sabunta jini su ma sun yi ƙaranci.