Ritaya Ba Kabari Ba Ce

A Nuwamban 1978 wasu dattawa biyu 'yan Amurka, Rendell Mabey da Edwin Cannon, suka sauka Nijeriya da matansu, a matsayin manzannin cocin Mormon. Har yau cocin na tura tsofaffin ma'aurata ƙasashen waje, na wata 6 zuwa 23, da guzurin aljihunsu. Safiyarsu addu'a da karatu. Wuninsu kuwa ofis, ko aji, ko rabon kekunan guragu.

Aƙidarsu daban, tamu daban. Abin da ya ja hankalina shi ne ba su ɗauki furfura a matsayin sallama daga aiki ba.

A nan Wudil muna da malaman makaranta da unguwarzoma masu ritaya, iliminsu na tsatsa a zaure, alhali yaran Utai da Darki na buƙatar mai koya musu lissafi.

Na san jiran fansho ya karya ƙarfin da yawa. To, masu hannu da shuni su ɗauki kuɗin mota: kwana biyu a mako, Malam a aji, Hajiya a ɗakin shan magani. Ilimin da aka bayar sadaka ce mai gudana. Wanda aka riƙe, da mai shi ake binne shi.