Martani: A Bar Doki Ya Ci Da Kai A Ƙasa

Wani marubuci ya ce zuba wa doki harawa a ƙasa ƙauyanci ne, wai mu rataya ragar ciyawa kamar bargogin Ingila. Malam, ka kalli hoto, ba ka kalli doki ba.

Dokin da aka saki yakan shafe kusan awa 16 a yini yana kiwo, kansa a sunkuye. Sunkuyon nan shi ke sa majina da ƙura su gangaro daga hanyar numfashi. Ka rataya raga sama, ƙaiƙayi na zuba masa a hanci da ido, wuya da baya suna shan fizga. Ƙara da ƙurar hunturu, ka gayyato tari. Ka rataya ta ƙasa-ƙasa, da ta yi sako-sako sai kofato ya maƙale. Harawar wake kuwa, ganyenta ne abinci, kuma fizga ɗaya yake marmashewa.

Ka ce raga na hana ɓarna da haɗama. Gaskiya ne, ga doki mai ƙiba ko mai tafiya a mota. Tumbin doki ƙarami ne, idan haɗama ta sa ya cinye da wuri tumbin ya daɗe wayam, gyambo ke kama shi. Amma maganin wannan a raba abincin kashi-kashi. Yashin da kake tsoro ya murɗe masa ciki, komi mai faɗi a ƙasa da shara kullum sun kashe maganarsa.

Kafin ka sake kiran mutane ƙauyawa, tambayi masu kiwon dawakin hawan Sallah a Kano da Katsina.