Hawan Dutse da Damina

Jama'a, harif ya kama, amma yaranmu ba su fasa hawan dutsen Jabal Auliya ba, can kusa da madatsar ruwan da aka gama a 1937. To, dutsen nan na yashi ne, yakan sha ruwa ya riƙe a ciki. Ka ga bayansa a bushe, kana kamawa ya ɓantare. Mu dai shawararmu, a duba gindinsa. In ƙasa da danshi, a haƙura kwana biyu. Dutsen Sabaloka, arewa da Khartum, ya fi tauri, da rana ta fito ya bushe. Iyaye kuma a ja kunne: yaƙin 2023 ya bar bama-baman da ba su fashe ba, kada yaro ya taɓa baƙon ƙarfe.