Mu ke haƙa ramin waya, wa ke zana hanyar hasken?

Ɗan'uwa, ka tuna ranar 14 ga Maris, 2024? Intanet ta yi ta ja da baya, kuɗi suka maƙale a banki, masu POS suka zauna zugum. Wayoyin ƙarƙashin teku ne suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, amma mu nan Katsina da ko teku ba mu gani ba sai da muka ji a jikinmu.

Yanzu gwamnatin tarayya, ta bakin ministan sadarwa Bosun Tijani, na maganar shimfiɗa wayar faiba mai tsawon kilomita 90,000 a faɗin ƙasa. Madalla. To amma idan aikin ya zo, wane kaso ne naka? Haƙa rami da jan waya kaɗai?

Bari in faɗa maka inda kuɗin yake. Cikin wayar nan zaren gilashi ne da haske ke bi ɗauke da saƙo. A bakinta akwai na'urar da ke aika hasken da karɓarsa, kuma da yawa daga cikinsu yanzu kan ɗan guntun silikon da bai kai farce ba ake gina su. A jikinsa ake zana wa haske hanyoyi, kamar yadda mai lambu ke ja wa ruwa hanya tsakanin fangali. Faɗin hanya ɗaya kusan nanomita 500 ne. Silin gashin kanka ya ninka ta sau ɗari. Silikon ya fi gilashin da ke kewaye da shi riƙe haske, shi ya sa hasken ba ya fita. Amma in kwana ta yi tsanani, sai ya zube, saƙo ya raunana.

Saboda haka kafin a ƙera, sai an gwada zanen a kwamfuta. Nan fa ƙofarmu take. Manhajar Meep ta jami'ar MIT a Amurka kyauta ce, haka ma KLayout. Masu bincike da dama ba su da masana'anta. Zane suke aikawa cibiyoyi irin su imec ta Beljiyam, a haɗa na mutane da yawa kan faifai ɗaya, kowa ya biya kasonsa. Watanda ke nan.

Ba zan ruɗe ka ba, abin na son lissafi mai zurfi, ga matsalar wuta, kuma ba a wata uku ake ƙwarewa ba. Amma in kana karanta fiziks a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko fannin lantarki a Kwalejin Hassan Usman, lissafin Maxwell da kake haddacewa don jarrabawa shi ne jarin wannan sana'a. In lokacin furojet ya zo, kada ka kwafi na bara. Sauke Meep, zana hanya ɗaya mai kwana, auna hasken da ya zube, ka kai wa malaminka.