An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Soja a Makaranta da Ƙaurace wa Gari

Yau za mu ɗan yi nisan kiwo, mu leƙa jihar Kalifoniya ta Amurka, saboda wata rigima da aka yi can shekarun baya ta tuna mana da wata ɗabi'a da muke yawan gani a alƙalumanmu.

A watan Nuwamba na 2005, lokacin da yaƙin Iraƙi ya yi zafi ana ta mayar da gawarwakin sojoji gida, mutanen birnin San Faransisko suka kaɗa ƙuri'a a kan wata tambaya: shin ya dace a bar masu ɗaukar soja su riƙa shiga makarantun gwamnati suna zawarcin ɗalibai? Kusan kashi 60 cikin 100 suka ce bai dace ba. Ƙuri'ar bayyana ra'ayi ce kawai, ba ta rufe wa soja ko ɗaya ƙofa ba. Duk da haka wani fitaccen mai sharhi a rediyo da talabijin, Bill O'Reilly, ya hau dokin zuciya. Ya ce da shi ne shugaban ƙasa, birnin ba zai ƙara ganin ko sisin kwabo daga asusun tarayya ba, kuma idan 'yan Alƙa'ida suka zo kai wa birnin hari a zuba musu ido. Har hasumiyar da za su iya rushewa sai da ya ambata.

Mai karatu zai ce, to me ma ya kai soja makaranta tun farko? Tun 1973 Amurka ta daina ɗaukar soja na dole. Daga nan rundunar ta koma neman mutane kamar yadda ɗan kasuwa ke neman mai saye, kuma ba inda ake samun matasa a tare wuri ɗaya kamar ajin ƙarshe na sakandare. Ɗan shekara 17 yana iya shiga soja a can idan iyayensa sun sa hannu. A farkon 2002 shugaba George W. Bush ya sa hannu a kan wata babbar dokar ilimi wadda ma'anar sunanta ita ce kada a bar yaro ko ɗaya a baya. A can cikinta aka cusa wani sashe da ya ce duk sakandaren da ke karɓar kuɗin tarayya dole ta ba masu ɗaukar soja sunayen ɗalibanta da adireshinsu da lambar wayarsu, ta kuma bar su su shigo kamar yadda take barin wakilan jami'o'i da na kamfanoni. Kowa ya ci ladan kuturu, ai sai ya yi masa aski. Uba ko uwa suna da damar rubutawa su ce a cire sunan ɗansu, amma sai wanda ya san da maganar. Wanda bai sani ba, sai dai ya ji waya ta yi ƙara da yamma ana tambayar yaronsa. A shekarar 2005 ɗin nan kuwa rundunar sojan ƙasa ta gaza cika adadin mutum 80,000 da take nema, don haka matsin lamba a kan masu ɗaukar ya yi yawa.

Mu a nan abin zai iya ba mu dariya. Da yawa daga cikinmu muna da difiloma ajiye a ƙarƙashin katifa, kuma kowannenmu ya san abokin da ya kwana a shagon intanet yana cike fom ɗin soja, yana addu'ar sunansa ya fito. Mu ke bin aikin, can kuma aikin ke bin yara. Amma idan muka duba da kyau, abin da ke tura yaron iri ɗaya ne. Alƙawarin albashi da na biyan kuɗin jami'a ya fi shiga kunnen ɗan da ubansa ba zai iya biya ba.

Ra'ayinmu a kan wannan ba mai wuya ba ne. Aikin soja aiki ne na mutunci, kuma ƙasar da ba ta tilasta wa kowa dole ta sami hanyar yin magana da matasanta. Sai dai yaro ɗan shekara 16 ko 17 da ke zaune gaban babban mutum sanye da kaki, wanda aka horar da shi a kan iya shawo kan mutane, aka kuma yanka masa adadin da zai kawo, ba a kan tabarma ɗaya suke ba. Abin da ya dace shi ne a juya dokar: kada a ba da sunan yaro sai iyayensa sun ce a bayar. In kuma za a yi masa bayanin albashi, a yi masa bayanin shekarun da zai ɗaure kansa da su, da cewa ba aikin da ake ajiyewa ba ne don an gaji. Wannan ita ce maganar da ya kamata a tattauna. Ita ce kuma ta ɓace da zarar aka fara maganar hukunta gari.

Abin ya fi fitowa fili a Berkeley, wani garin jami'a da ke tsallaken ruwa daga San Faransisko. A wancan lokacin sojojin ƙundumbala da ake kira Marines suna da ofishin ɗaukar hafsoshi a tsakiyar garin, ba nisa da jami'a da kuma babbar sakandarensa. A ƙarshen watan Janairu na 2008 majalisar garin ta zauna, kansiloli 6 suka rinjayi 3, aka amince a rubuta wa sojojin wasiƙa a ce musu su baƙi ne da ba a gayyata ba, ba a kuma maraba da su. Aka ƙara da ware wa wata ƙungiyar mata masu adawa da yaƙi, Code Pink, wurin ajiye mota a ƙofar ofishin domin su ji daɗin zanga-zanga.

Mu dai a ganinmu majalisar ta yi wauta. Hafsan da ke zaune a wannan ofis ba shi ya aika kowa Iraƙi ba, ba shi ya rubuta dokar 2002 ba. Waɗanda suka yi suna Washintan, nisan dubban kilomita. An ga wanda ke kusa aka huce a kansa.

Sai ɗaya ɓangaren ma ya yi irin wannan aika-aikar, har ya zarce. Dubban saƙonnin zagi suka yi ta kwarara, aka shiga kiran a ƙaurace wa Berkeley, kada a yi sayayya a shagunanta, kada a kwana a otal-otal ɗinta. Wani sanata daga jihar Karolina ta Kudu, Jim DeMint, ya kawo ƙudurin a janye kimanin dala miliyan 2 da aka ware wa wasu ayyuka a garin, a miƙa wa sojojin. Cikin kuɗin har da na wani shirin abincin 'yan makaranta. A tsaya a nan a yi tunani. Mutum 6 ne suka ɗaga hannu a garin da ke da mutum sama da 100,000. Mai wanke kwanuka a gidan abinci, da mai share ɗakin otal, da yaron da ke jiran abincin rana, wane ne a cikinsu ya rubuta wasiƙa? An fara rigimar da sunan kare yara 'yan makaranta, aka ƙare ana barazana ga kwanon abincinsu. Bayan mako biyu majalisar ta fasa aika wasiƙar, ba ta dai nemi gafara ba.

Kada a ce muna adawa da ƙauracewa gaba ɗaya. A garin Montgomery na jihar Alabama, daga Disamba 1955, baƙaƙen fata sun yi kwana 381 ba sa hawa motocin safa na garin bayan an kama Rosa Parks don ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera. Sun yi nasara. Amma dubi yadda abin yake: su ne mafi yawan fasinjojin, ƙafafunsu ne suka sha tafiyar, kuma motar da suka ƙi hawa ita ce ainihin wurin da ake wulaƙanta su. Wanda ke zaune a wata jiha mai nisa yana cewa ba zai je Berkeley ba, alhali dama bai taɓa niyyar zuwa ba, bai rasa komai ba. Fushinsa kyauta ne, wani ke biya.

Mu ma mun ɗanɗana. A farkon 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan inda aka yi asarar rayuka da dukiyar 'yan Arewa, ƙungiyar dillalan kayan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu na kusan mako guda. Ɓacin ran gaskiya ne, ba wanda zai musa. To amma wa ya ji a jikinsa? Mai sayen tumatir na ɗari biyu a Legas wadda ba ta san hanyar Shasha ba, da manomin rani a Kadawa da Ɗanja wanda tumatirinsa ya nuna ba motar ɗauka. Da yawa daga cikinmu mun yi ta tafi a Facebook a lokacin, har da rubuta baitoci. Ba mu tuna wani ya je ya ji ta bakin manomin ba.

A nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Kafin a ƙaurace wa gari, sai an fara mayar da shi mutum ɗaya, kuma da kalmomi ake yin wannan aikin. "Berkeley ta zagi soja." "Ibadan ta kore mu." "Kano ta ce." Jimla ce gajera mai daɗin rubutawa, tana kuma jawo masu dannawa, shi ya sa muke son ta. Amma gari ba ya magana. Kansila ke magana, ko shugaban ƙungiya, ko wasu 'yan daba guda hamsin. Ita kanta San Faransisko da aka ce maƙiyiyar soja ce, hukumar makarantunta ta yanke a 2006 cewa za a soke shirin horon kadet na soja a sakandare, sai ga shi a 2008 masu ƙuri'a na wannan birnin sun ce suna son a bar shirin, a 2009 aka dawo da shi. Waɗanne ne birnin a cikinsu, na 2005 ko na 2008? Idan za mu rubuta labari ko sharhi a kan irin wannan, mu wahalar da kanmu mu nemo wanda ya ɗaga hannu, da adadinsu, da adadin waɗanda suka ƙi ɗagawa.

Ƙudurin Sanata DeMint bai zama doka ba, masu zanga-zanga da masu ƙauracewa duk sun watse sun kama wasu rigingimun. A 2015 aka maye gurbin dokar ilimin ta Bush da wata sabuwa, shugaba Obama ya sa hannu. Sashen da ke ba masu ɗaukar soja sunayen ɗalibai da lambar wayarsu yana nan a cikinta.