Yagewar Tsokar Bayan Cinya: Ba Kowane Ɗingishi Ne Na Mai Ɗori Ba

Sanin kowa ne cewa a ƙauyuka irin su Kutemeshi da ke ƙasar Birnin Gwari, ƙafa ita ce jarin talaka. Da ita yake zuwa gona da kasuwa, da ita samari suke buga ƙwallo da kokawa, a shekarun da 'yan bindiga suka addabi yankin kuwa, kamar harin da aka kai wa garin a 2021, da ita mutane suka tsira da rayukansu. Saboda haka ciwon da ya taɓa ƙafa ya taɓa abincin gida.

Daga cikin irin waɗannan ciwuka akwai yagewar tsokar bayan cinya. Tsokoki uku ne suka taso daga ƙashin mazaunai suka sauka ƙasan gwiwa, aikinsu shi ne lanƙwasa gwiwa da tura cinya baya. Idan mutum ya zabura da gudu, ko ya buɗe ƙafa fiye da kima, sai ɗaya ta yage, ya ji kamar an jefe shi da dutse, daga nan sai kumburi da ɗingishi.

A al'adar Bahaushe, da zarar an ga ɗingishi sai a nufi gidan mai ɗori, ko a kira wanzami ya yi tsaga da ƙaho. Babu mai musun gwanintar masu ɗori wajen karaya da gocewar ƙashi, to amma wannan ciwo ba na ƙashi ba ne. Jan ƙafa da ƙarfi da murza wurin da ruwan zafi tun ranar farko suna ƙara zubar jini a cikin tsoka, tsaga kuwa tana buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

Hatta sunan da Hausa ta raɗa wa masanan wannan fanni, wato likitocin gashin ƙashi, yana ɓatar da mai sauraro, domin yana nuna wuta da ƙashi, alhali kuwa ginshiƙin aikinsu motsa jiki ne daki-daki. A kwana 2 ko 3 na farko ana hutar da ƙafa, a ɗora tsumma mai sanyi, a naɗe cinyar ba da tsanani ba. Bayan haka sai tafiya a hankali, sai atisayen ƙarfafa tsoka. Alal misali, idan ciwo ya lafa, majinyaci yakan durƙusa, wani ya danne masa idon sawu, shi kuma ya riƙa sunkuyowa gaba sannu a hankali. Ƙaramar yagewa takan warke cikin 'yan makonni, babba takan ɗauki watanni, idan kuwa tsoka ta tsinke daga ƙashi to akan buƙaci tiyata. Babban haɗari shi ne komawa gudu da zarar zafi ya tafi, domin tsokar da ba ta yi ƙwari ba takan sake yagewa, kuma ta biyu takan fi ta farko muni.

Matsalar ita ce masanan suna manyan asibitoci, irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, kuma manomi ba zai bar gonarsa da damina ya yi ta zirga-zirga can ba. Sai dai wannan magani ba ya buƙatar na'ura, tabarma da mataimaki sun isa. Ya kamata hukumomin lafiya na Jihar Kaduna su koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci waɗannan matakai, su kuma jawo masu ɗori a jiki, tunda su majinyaci yake fara gani, don su san ciwon da za su ɗora da wanda za su tura gaba. Su kuwa masu nazarin Hausa, nauyin da ke kansu shi ne su samar da kalmomin da za su bambanta tsoka da jijiya da ƙashi, domin majinyaci ya san abin da ke damunsa tun kafin ya miƙa ƙafarsa a ja.