Ƙirƙirarriyar Basira da Lafiyar Injuna: Inda Ya Kamata Ƙasar Gumel Ta Fara

Tarihin masana'antu a Arewacin Nijeriya ya nuna cewa sayen inji ya fi riƙon inji sauƙi. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002. Matatar mai ta Kaduna, da aka buɗe a 1980, ta shafe shekaru ana ware mata kuɗin gyara ba tare da ta tace mai yadda ya kamata ba. Duk wanda ya zaga Bompai da Sharaɗa da Chalawa a Kano zai ga gine-ginen da injunansu suka yi shiru. Dalilan suna da yawa, kamar ƙarancin wuta da fasa-ƙwauri da sauye-sauyen manufofin gwamnati. Amma akwai dalili guda da ba a cika ambatonsa ba, wato al'adar barin inji ya yi ta aiki har sai ya tsaya cik, sannan a tashi neman mai gyara.

Wannan batu ya shafi ƙasar Gumel kai tsaye. A Maigatari akwai yankin ciniki na kan iyaka da aka tanada domin masana'antun fitar da kaya, ga kuma kasuwar riɗi da zoɓo da dabbobi. A Gagarawa an kunna babbar tashar wutar lantarki a 2020, kuma a can ne kamfanin Lee Group ya ɗauko aikin gonar rake da masana'antar sukari, aikin da ya jawo taƙaddamar filaye da manoman yankin har zuwa Sule Tankarkar. Manomin da ya rabu da gonarsa saboda alkawarin masana'anta, idan injunan suka mutu bayan 'yan shekaru, ya yi biyu babu, ba gona ba aikin yi. Saboda haka maganar kula da inji magana ce ta abincin jama'a.

Hanyoyin Kula da Inji

Hanyoyin kula da inji uku ne. Ta farko ita ce a jira ya lalace. Ta biyu ita ce a sauya sassansa bisa jadawali, ko sun gaji ko ba su gaji ba. An daɗe ana ɗaukar ta biyun a matsayin mafi inganci, sai a 1978 injiniyoyi biyu na kamfanin jiragen sama na United Airlines a Amurka, Stanley Nowlan da Howard Heap, suka fitar da rahoton da ya nuna cewa kashi 89 cikin 100 na sassan da suka nazarta ba tsufa ne ke ƙayyade ranar lalacewarsu ba. Ma'ana, lissafin watanni kaɗai ba ya faɗin lokacin da sashe zai mutu. Daga nan hanya ta uku ta samu karɓuwa, wato a riƙa auna halin da inji yake ciki, a gyara shi sa'ad da alamun ciwo suka bayyana.

Inji, kamar jikin dabba, ba ya faɗuwa ba tare da alamu ba. Dillalin da ya ƙware a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis yakan gane saniya marar lafiya daga bushewar hancinta da yadda ta daina tuƙa, tun kafin ta kwanta. Haka boris ɗin inji yakan fara karkarwa da ƙara da zafi tun kafin ya tarwatse. Motar lantarki da ke juyawa kusan sau 1,500 a minti tana yin zagaye 25 a daƙiƙa guda, kuma ƙaramin tsagu a cikin boris yana barin tambarinsa a kowane zagaye. Man da ke cikin taransifoma kuwa tamkar jini yake, domin idan wani wuri ya yi zafi fiye da ƙima ko ya fara tartsatsi, wasu iskoki kan narke a cikin man, kuma gwajinsu yana nuna irin ciwon.

Aikin ƙirƙirarriyar basira shi ne karanta waɗannan alamu. Ana manna wa inji ƙananan ma'aunai masu auna karkarwa da zafi da ƙarfin wutar da yake sha, har da sautin da ya wuce jin kunnen ɗan Adam. Kwamfuta tana tara ma'aunin na makonni ko watanni har ta koyi yadda injin yake idan yana da lafiya, sannan ta yi gargaɗi da zarar ya kauce. Wasu daga cikin manhajojin an tsara su ne bisa kwaikwayon yadda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke isar wa juna saƙo, fannin da ya sa John Hopfield da Geoffrey Hinton suka samu kyautar Nobel a 2024. Kamfanin Rolls-Royce na Ingila yana lura da injunan jiragen sama ta wannan hanya alhali suna cikin tafiya, kuma a 2022 kamfanin Siemens na Jamus ya sayi kamfanin Senseye, wanda sana'arsa ke nan.

Abin da Kwamfuta Ba Za Ta Yi Ba

Mai karatu yana iya cewa wannan duk zancen ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma akasin haka ya fi ƙarfi. Masana'antar da ke Jamus tana samun kayan gyara cikin yini ɗaya. Wadda ke Gagarawa kuwa, idan babu sashen a Kano, sai ta jira shi daga Legas ko daga China, ga tsadar canjin kuɗi. Gargaɗin wata guda ya fi amfani ga wanda kayan gyaransa ke nesa. Bugu da ƙari, yanayin yankin yana gajiyar da inji da wuri. Ƙurar hunturu tana shiga giris ta zama kamar yashin goge ƙarfe, zafin bazara yana haura digiri 40, kuma injiniyoyi sun san cewa ƙarin digiri 10 a zafin motar lantarki yakan rage kusan rabin rayuwar rufin wayoyinta.

Sai dai kwamfuta ba ta koyon abin da ba a rubuta ba. Masana'antar da ba ta da littafin da ke nuna ranar da aka sauya baƙin mai, da ranar da bel ya tsinke, da dalilin tsinkewarsa, ba ta da abin koyar da na'ura. Manhajar da ta koyi aiki a ƙasa mai sanyi kuma tana iya ɗaukar zafin watan Afrilu a matsayin ciwo, ta yi ta kururuwar banza har ma'aikata su daina saurarenta. Haka nan gargaɗi ba ya ɗaure kusa. Idan na'ura ta yi magana amma manaja ya hana kuɗin boris, injin zai mutu kamar yadda zai mutu in babu ita.

Akwai kuma tsoron cewa na'ura za ta kori makanikai. Makaniken da ke ɗora sukurdireba a jikin inji ya kara kunnensa ya ce boris ya kusa tafiya, aikin da ma'aunai ke yi shi yake yi. Bambancin kawai shi ne ba ya iya tsayawa a kan inji dare da rana, kuma iliminsa yakan tafi tare da shi idan ya bar aiki. Shi ne zai tabbatar wa kwamfuta cewa wannan ƙara ta boris ce, waccan ta sakin kusa ce. Japan ta fahimci darajar irin wannan ma'aikaci tun a 1971, lokacin da kamfanin Nippondenso ya shahara da tsarin da ya ɗora wa kowane mai tuƙa inji alhakin tsabtace shi da duba shi kullum.

Kammalawa

Tun ran gini ran zane. Masana'antun ƙasar Gumel ba su yi yawan da gyaran al'ada zai gagara ba. Ya kamata kowace masana'anta, har da injin casar shinkafa da na tankaɗe riɗi da famfon rijiyar burtsatse, ta buɗe wa kowane inji littafinsa. Ya kamata a fara sa ma'aunai a kan 'yan injunan da tsayawarsu ke tsayar da komai, kamar taransifoma da janareta da manyan famfuna. Gwamnatin Jihar Jigawa, idan za ta ba mai zuba jari fili, ta sa sharaɗin horar da 'yan yankin a kan wannan aiki, tare da barin bayanan injunan a hannun masana'antar. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Ɓaɓura da Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure suna kusa, kuma ɗalibansu za su iya tara bayanan yadda inji ke gajiya a cikin ƙura da zafin wannan yanki, domin babu wanda zai tara su daga waje. Kuɗin wannan duka bai kai na janareta guda da ya ƙone ba, kuma littafin da aka fara cikawa a bana shi ne abin da kwamfuta za ta koya daga gare shi baɗi.